Zunubin Talaka Ke da Suna

A cikin mako guda na halarci zaman sulhu biyu a wata unguwar Hausawa da ke Fatakwal, a rumfa ɗaya, kan tabarmi ɗaya, gaban dattawa ɗaya. Tun daga ranar abin ya tsaya mini a maƙogwaro, ya ƙi wucewa. Ba zan faɗi unguwar ba, ba kuma zan ambaci sunan kowa ba, domin abin da na gani can na sha ganin irinsa a Anacha da Inugu, kuma duk wanda ya taɓa zaman Kudu zai gane rumfar ko da bai taɓa shiga cikinta ba.

Zama na farko ranar Talata aka yi shi. Wani yaro ne ɗan ci-rani daga wani ƙauye a Jigawa, turin baro yake yi a kasuwa. Shekara 2 yana kai ajiya wurin maigidan da ya sauke shi, yau dubu biyu, gobe dubu ɗaya da ɗari biyar, ana rubutawa a wani littafin 'yan makaranta mai shuɗin bango. Kuɗi suka kai naira 410,000. An sa masa ranar aure bayan kaka, ya zo karɓar abinsa, sai aka fara yi masa yau da gobe har wata uku. Na ga yaron nan ya tuɓe silifas ɗinsa nesa da tabarma, ya tsuguna a gefe, tafin hannunsa duk kanta. Ya ce, "Baba Alhaji, ko rabi ne a taimaka a ba ni, an riga an sa rana." Alhaji ya gyara zaman hularsa ya ce kasuwa ce ta juya. Wani dattijo ya ce an dai samu ɗan saɓani. Wani ya ce kuskure ne aka haɗa kuɗin ajiya da na juyawa. Na uku ya dubi yaron ya ce, "Kai yaro, bi a hankali, Alhaji uba ne a wurinka, ba zai ci haƙƙinka ba." Aka ce a yi haƙuri, aka shafa fatiha, aka tashi. Ba a yanka ranar biya ba. Tun daga farkon zaman har ƙarshensa na kasa kunne ko zan ji bakin da zai furta cin amana, ban ji ba.

Ranar Asabar aka sake taruwa. Wannan karon maganar wata bazawara ce mai sayar da tuwo, da 'ya'yanta uku. Abin da aka kawo a kanta shi ne an ga wani direba ya fito daga zauren gidan da take haya bayan sallar isha'i. Iyakar abin da aka gani ke nan. Ba a ba ta wurin zama ba, daga bayan langa-langa ta tsaya tana magana ana katse ta. Kafin a yi minti biyar kalmar ta faɗo: karuwa. Daga nan kowa ya samu baki. 'Yar iska, ballagaza, fasiƙa, za ta ɓata mana unguwa, za ta lalata mana yara. Aka ba ta kwana 7 ta tattara nata ya nata. Mutumin da ya cinye gumin ɗan baro ranar Talata yana zaune a sahun masu hukunci, da carbinsa a hannu, yana gyaɗa kai.

Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Hausa ba ta rasa kalmomin aibu ba. Da wuya a sami harshen da ya kai namu yawan sunayen ɓarna: zunubi, saɓo, alfasha, baɗala, masha'a, fasiƙanci, fajirci, ashararanci, ha'inci, zamba, algus, zalunci, ƙazafi, annamimanci, handama, babakere. Rumbu ne cike. Amma mun raba rumbun gida biyu. Masu kaifi, waɗanda in an jefi mutum da su ba ya sake miƙewa, mun ware su don mace da matashi da matsiyaci. Waɗanda suka dace da mai hali kuma mun kulle su, mun jefar da makulli, muka ƙirƙiro masa wasu masu laushi kamar audugar rimi. Talaka ɓarawo ne, mai kuɗi kuwa an samu matsala a lissafinsa. Yarinya 'yar iska ce, shi kuwa wanda ya ajiye ta a ɗaki a wata unguwa, yana biyan haya, an ce yana da 'yar harkarsa. Matashi tantiri ne, dattijon da ya fi shi ɓarna sau goma an ce mutum tara yake bai cika goma ba. Wannan karin maganar gaskiya ce, amma me ya sa ba a taɓa tuna ta ranar da mai tuwo ke tsaye bayan langa-langa?

A duba ma inda wasu kalmomin suka fito. Bariki daga Turanci muka aro ta, sunan mazaunin soja ne, sai ta zama sunan duk inda Bature ya kafa gari: layin dogo, ofis, kantin kamfani. Tasha ma haka. Kilaki asalinta sunan ma'aikacin ofis ne, muka juya ta ta koma kan matar da ke hulɗa da irinsu, shi ma'aikacin ya fita fes da farar rigarsa, ita ta gaji sunan. Ɗan bariki, 'yar bariki, ɗan tasha, duk sunayen wanda ya bar gida ne ya tafi inda ba idon dangi. To ina muke zaune mu? Fatakwal gari ne da Turawa suka yanka don tashar jirgin ruwa, aka ja layin dogo daga can ya kai Inugu a 1916 saboda kwal. Inugu kanta kwal ɗin ne ya haife ta. A ma'aunin mutanen gida, duk wanda ya kwana a Diobu ta Fatakwal ko Asata ta Inugu ko bakin gadar Anacha ɗan bariki ne, da limami da mai unguwa da mai sayar da goro. Matar da ta biyo mijinta Kudu, ya sake ta ko ya mutu, ta tsaya neman abin da za ta ci da yara, in ta je ganin gida da wannan idon ake kallonta. Mun san zafin sunan a jikinmu, amma muna samun wanda ya fi mu rauni sai mu ɗora masa.

Yanzu a zo kasuwa, inda mafi yawanmu ke wuni. Na tsaya da idona na ga mudun da aka bubbuge gindinsa ya shige ciki, da robar fenti da aka tsoma a tafasasshen ruwa ta tsuke. Mai su yana da na saye daban, na sayarwa daban. Na ga ana ɗinke buhun albasa, manya jajaye a baki, ƙanana da masu ruɓa a tsakiya. Na ga sa da aka ɗura wa ruwa da asuba don cikinsa ya tashi kafin mahauta su iso. Na ga dillali ya sayar da saniya a wani farashi, ya koma wurin mai ita, wanda ya kwana uku a bayan tirela daga Potiskum ko Maigatari, ya faɗa masa wani farashin, sannan ya miƙa hannu ya karɓi la'ada a kai. Na ga ana barbaɗa wa wake maganin ƙwari, mai barbaɗawar ya ɗaure hancinsa da ƙyalle, don ya san abin da ke hannunsa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta saboda irin wannan guba. Turai ta ƙi ci, sai aka ci gaba da auna wa matan kasuwar Ogbete ta Inugu da ta Ose ta Anacha su kai wa 'ya'yansu. Me ake kiran duk wannan a bakin 'yan kasuwa? Wayo. Dabara. Iya kasuwa. Ana ma yabon mai yi, a ce wane idonsa a buɗe yake. Yaron shago da ya ƙi yi kuwa shi ne sakarai, ba zai yi arziki ba.

Sunansa na gaskiya algus, sunansa ha'inci, sunansa tauye mudu. Sura sukutum aka saukar a Alƙur'ani da sunan masu tauye awo, kuma da narko ta buɗe. Yaran makarantar allo suna haddace ta tun kafin su fara tsayar da gemu. Hadisin tsibin hatsin nan da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, ba wanda bai taɓa jin sa ba, kuma kowa ya san hukuncin da ya yanke wa mai algus. Buhun albasar nan da tsibin hatsin nan ɗanjuma ne da ɗanjummai. Littafin Ahalari da muka fara da shi a zaure, tun a shafukan farko ya jera ƙarya da giba da annamimanci da girman kai da hassada da cin dukiyar mutane ba da yardarsu ba, duk a layin haram ɗaya. Ba a ce wannan na masu kuɗi ne a sassauta ba. Mu muka zo daga baya muka tsince waɗanda ba su taɓa aljihunmu, muka riƙe su da ƙarfi, muna ta ɗaga murya a kansu.

Akwai ma kalmar da rubutun boko ya taimaka wa masu son ɓoyewa. Riba ta ciniki, wadda Allah ya halatta, da riba ta kuɗin ruwa, wadda ya haramta, harufansu ɗaya a takarda, sai a baki ake bambanta su. A unguwanninmu na Kudu akwai masu ba da rancen dubu 50 a dawo musu da dubu 60 ƙarshen wata. Ba ya cewa ruwa. Cewa yake, "in ka juya sai ka ɗora mini ɗan wani abu." Mai shayi da mai gyaran takalmi da mai yankan farce su ne abincinsa. Shi ne kuma za ka ji ya fi kowa tsine wa masu zuwa gidan giya.

Haka maganar ƙwaya. Ɗan ƙwaya muna da shi, mashayi muna da shi, ɗan sholisho, ɗan wiwi, duk mun raɗa musu suna. Yaron da ke dakon buhu mai kilo 100 daga asuba zuwa magariba, bayansa ya ƙage, wani ya miƙo masa tiramol ya ce sha ka ji ƙarfi, bayan wata shida ya zama abin nuni da baki. Ban ce ya yi daidai ba, yana kashe kansa ne, kuma ina gaya wa duk wanda na isa da shi. Amma ƙwayar nan ba daga sama take faɗowa ba. Rahoton da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar kan Nijeriya na 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne 'yan shekara 15 zuwa 64 ke ta'ammali da su. Wa ke ciyar da wannan kasuwa? A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta nuna yadda maganin tari mai kodin ke fita ta bayan fage yana isa hannun matasa, washegari gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. A Fabrairun 2025 hukumar NAFDAC ta rufe babbar kasuwar magani ta bakin gadar Anacha tana kwashe jabu da haramtattu. Tsakanin inda ake sauke katan da inda yaro ke haɗiye ƙwaya biyu akwai dogon layin hannaye, wasu na Ibo, wasu namu. Katan ɗin da ke shiga ƙarƙashin kaya a motar da ta sauke shanu za ta koma Arewa, da Hausa ake cinikin lodinsa. Mai wannan katan ɗin me muke ce masa? Ɗan kasuwa. In ya gina bene a garinsu, sai a ce Allah ya yi masa buɗi a Kudu.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya rubuta Kitabul Farƙi, da Larabci ya rubuta, amma da ya zo lissafa zaluncin sarakunan zamaninsa sai ya kawo abubuwan da sunayensu na Hausa, irin su jangali da kuɗin gari da gaisuwa, don kada wani ya ce bai gane abin da ake nufi ba. A lura da gaisuwa. Kalma ce mai daɗi, ta ladabi, aka lulluɓe toshiyar baki da ita. Shehu ya yaye lulluɓin ya sa ta a jerin ayyukan zalunci. Sama da shekara 200 ke nan, ga mu mun dawo da ita da 'yan'uwanta: na goro, ihsani, alheri, a ga dattawa, a sa albarka. Ɗan ci-rani zai kama wurin kasa kaya a bakin titi, sai ya ga wani. Za a sasanta rigima, sai wanda ya fi nauyin gaisuwa ya fi gaskiya. In an tara kuɗin taimakon waɗanda gobara ko rikici ya shafa, a nemi lissafi, sai a ce mai tambaya ba shi da kunya, ɗan tada zaune tsaye ne. Ga wani sunan laifin kuma, shi ma na ƙasa ake liƙa wa.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa mini a fuska. An ce, "Malam, mu baƙi ne a nan, kada ka tona mana asiri a gaban mutanen gari, a bar kaza cikin gashinta." Wannan baƙuncin shi ne ma babban dalilina. Babu wanda ya kamata ya ji tsoron kalma kamar Bahaushen Kudu. Aboki kalmarmu ce, mai kyau, ta amana. A bakin wasu a nan ta koma sunan raini, ma'anarta wawa, ƙazami, wanda ba a san asalinsa ba. In mai bola ɗaya ya ɓalle ƙarfen gidan wani, duk mai tura kura ɓarawo ne. In aka sace mutum a daji, duk mai doguwar riga abin zargi ne. Ranar 27 ga Maris 2025, a cikin azumi, mafarauta 16 da suka taso daga jihar Ribas za su Kano yin Salla, akasarinsu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure, aka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo. An ga bindigoginsu na farauta, wani ya ce masu garkuwa da mutane ne. Ba alƙali, ba shaida. Kalmar nan ita ta tara jama'a, ita ta kawo tayoyi da fetur. Sana'ar farauta ta Bahaushe a Kudu kuwa ba yau ta fara ba, tun ƙarshen ƙarni na 19 maharban giwa daga Arewa suka sauka Elele ta jihar Ribas. A Fabrairun 2006, bayan kashe-kashen Maiduguri kan zanen ɓatanci da aka yi a Denmark, mutanenmu na Anacha da ba su san hawa ba ba su san sauka ba aka bi su titi-titi, aka ƙone masallatai, waɗanda suka tsira suka tsallake gada zuwa Asaba ko suka fake a barikin soja. Laifinsu suna ne kawai, sunan da aka haɗa su a ciki da waɗanda suka yi ɓarna a wani gari mai nisan ɗaruruwan kilomita.

Kuma in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka. Mu ma mun kashe da kalma. A Yunin 2016 wata dattijuwa 'yar kasuwa Ibo ta rasa ranta a kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, daga wani ya ɗaga murya ya ce ta yi ɓatanci. Har gobe muna kiran mutanen da muke haya a gidajensu da sunan da suka sha gaya mana ba sa so. Akwai kuma wanda zai dube ka ya ce tauye wa arne mudu ba komai ba ne. Wa ya ba shi wannan fatawa? A wane littafi? Garin Inugu da yake tsaye yana faɗin haka, a shekarun 1950 mutanensa suka zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga Sifawa ta ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinsu na farko. Amana ce ta kai shi wannan kujera. Jarin Bahaushe a Kudu tun asali shi ke nan: a bar masa shago ya tsare, a ba shi canji a juya baya, a karɓi shanu bashi da magana kawai. A ƙarshen Fabrairun 2021, da ƙungiyar masu fataucin abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na kusan mako guda, kowa ya ga yadda tumatir da albasa da nama suka yi tashin gwauron zabo. Tukunyar mutanen nan a hannunmu take. Mai bubbuge gindin mudu yana cin wannan jarin ne na kowa da kowa, kuma ranar da abin ya fashe ba ƙofar gidansa za a fara zuwa ba, mai shayin bakin titi za a fara cimma.

An kuma ce mini, "To kai karuwanci kake ɗaure wa gindi?" Allah ya kiyaye. Zina haram ce, giya haram ce, caca haram ce, kuma akwai su a unguwanninmu, ban musa ba. Amma shari'ar da ta haramta zina ita ce ta ce wanda ya jefi mace da ita ya kawo shaidu 4 da suka gani da ido, in ya kasa a yi masa bulala 80, a daina karɓar shaidarsa, kuma shi ne aka kira fasiƙi. Ke nan ranar Asabar ɗin nan, in da hukuncin Allah aka bi, ba mai tuwo ce za ta tashi da sunan fasiƙanci ba. Ƙazafi aka yi a rumfar nan, a bainar jama'a, ga malamai zaune. Ƙazafi yana cikin manyan zunubai masu halakarwa, amma yaushe rabon da ka ji an nuna wani an ce wane maƙazafci ne, kada a ba shi aure, kada a zauna da shi? Gulma kuwa mun mai da ita hira. Wayar hannu ta ƙara mata ƙafa: a ɗauki hoton 'yar mutane a tura dandalin WhatsApp na 'yan gari, kafin ta idar da sallar magariba labari ya kai wa uwarta a ƙauye.

Sannan a tambaya, ita bazawarar daga ina ta fito? Wani ne ya ɗauko ta daga gidan ubanta tana 'yar shekara goma sha, ya kawo ta garin da ba ta jin yarensa, ta haifa masa uku, ya rubuta mata takarda ya koma Arewa ya yi sabon aure, ko sabulu ba ya aikowa. Wannan mutumin ba shi da suna a Hausar unguwa. An ce aure ne ya ƙare, rabo ya tsaya. Akwai wanda ya bar mata da yara a ƙauye shekara 3 ba aike ba waya, yana nan yana zaman dadiro, shi ma ana ce masa yana neman halaliya. Ita da ta ɗora tukunya a kan murhu don kada ta yi bara, maza ke cin tuwonta saboda maza ne cike da unguwar, to dole a ga namiji a ƙofarta. Da wannan aka kama ta. Malamai sun karantar da mu cewa laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa tuba na wanke shi, har ma an ruwaito matar banza da aka gafarta wa don ta shayar da kare mai ƙishi. Haƙƙin mutum kuwa ba ya faɗuwa sai an mayar ko mai shi ya yafe, kuma hadisin matsiyacin lahira, wanda zai zo da salla da azumi da zakka a rabe ladansa ga waɗanda ya zaga da waɗanda ya ci dukiyarsu, a Sahihu Muslim yake. Mu mun kifar da ma'aunin. Wanda Allah ya ce a suturta shi muke yi wa shela, wanda ya ce a ƙwato shi muke binnewa da fatiha.

Bayan zaman nan na biyu na bi limamin da ya halarta har ƙofar gidansa. Mutum ne mai karatu, ina ganin girmansa. Na ce, "Allah gafarta Malam, an yi mana huɗuba kan shigar mata, an yi kan kallon ƙwallo, an yi kan askin samari. Yaushe za a yi mana kan ajiya da mudu da la'ada, a kira su da sunansu?" Ya yi shiru, ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, "Malam, ka san waɗanda suka yi rufin masallacin nan." Ban ji daɗin amsar ba, amma na gode masa da bai yi mini ƙarya ba. Na ce masa ko bai ambaci kowa ba, ya dai furta kalmar daga kan mumbari, yaran sahun baya su ji cewa abin da ake yi musu yana da suna a addini. Ya ce zai duba. Juma'a huɗu ke nan ina zuwa da wuri ina zama kusa da lasifika.

Ni kaina ban fita ba. Ranar Talata ina zaune a rumfar nan, kalmar tana bakina, na haɗiye ta don kada a ce na ci fuskar manya. Ranar Asabar na yi magana, na ce a kawo shaida, aka ce mini ba kotu muke ba, na ja bakina na yi shiru. Wannan shirun yana cikin abin da nake neman gafara a kansa, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Abin da nake nema a wurin dattawanmu na Fatakwal da Anacha da Inugu ba shi da wuya. In an kawo ƙarar ajiya, a ce cin amana ne, a yanka ranar biya a gaban shaidu, a rubuta. In an kama mudun ƙarya, a fasa shi a tsakiyar kasuwa kowa na gani. In wani ya buɗe baki ya kira 'yar mutane karuwa, a tsayar da shi a ce ina shaidunka, in babu ya janye a inda ya faɗa. Wanda ake bi bashin gumin yaro kuma kada ya hau tabarmar hukunci sai ya biya.

Mai tuwo ba ta cika kwana bakwan ba. A na biyar ta sayar da manyan tukwanenta biyu, ta ɗaure sauran kayan a zani, aka sama mata wuri ita da yaran a bayan wata tirela da ta sauke shanu. Babbar 'yarta tana aji huɗu a firamare, an cire ta ana saura mako uku jarrabawa. Shi kuwa ɗan baro yana nan. Ranar auren ta wuce, iyayen yarinyar sun ɗaga sau ɗaya sun ce ba za su sake ba. Shekaranjiya na gamu da shi ana yayyafi, ya jingine baron ya gaishe ni, ya zaro littafin nan mai shuɗin bango daga cikin rigarsa, a naɗe cikin leda. Ya buɗe mini shafin ƙarshe ya ce, "Malam, duba mini, ko lissafin ne ban iya ba." Na bi layi-layi na tara masa a waya. Naira 410,000 ne cif, kuma kowane layi da sa hannun Alhaji a gefensa.